Filin Tambaya da Amsa: Harsashin Ƙaramar Bindigar Kare Kai a Amurka

Wasiƙun wannan makon galibinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, inda doka ta bai wa farar hula damar ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafi don kare kai, bisa sharuɗɗan da kowace jiha ta gindaya. Masu koyar da harbi da masu gyaran bindiga da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa. Mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Houston, ba na tashi sai bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, da cinikin yini a jikina. Ina da katin zama na dindindin, na kuma yi kwas ɗin lasisi. A shagon bindiga an ajiye mini guda biyu, ɗaya 9mm ɗaya .380, aka ce in zaɓa. Da ido harsasan kusan ɗaya ne. Ina bambancin yake, kuma wanne zan ɗauka?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Idonka bai yi maka ƙarya ba, faɗin kan harsashin ɗaya ne, milimita 9. Bambancin yana ga kwanso da abin da ke cikinsa. Kwanson 9mm Luger, wanda ya fito a Jamus a 1902, tsawonsa milimita 19 ne. Na .380 ACP, wanda John Browning ya ƙera ya fito a 1908, milimita 17. Milimita biyu ba abin a zo a gani ba ne, sai dai ana ɗura wa 9mm albarushin da matsinsa kan kai fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci, shi kuwa .380 iyakarsa 21,500. Kan harsashin 9mm ya fi nauyi, giram 7.5 zuwa 9.5 (su ne lambobin 115, 124 da 147 da ka gani a jikin kwali), na .380 kuma bai cika wuce giram 6 ba. Daga gajeren bututu na inci uku, 9mm mai giram 8 yakan fita da gudun mita 330 a sakan ko kusa da haka, .380 kuma wajen mita 270. In aka buga lissafi, ƙarfin da .380 ke kaiwa kusan rabin na 9mm ne.

Abin da wannan ƙarfi ke saya maka shi ne zurfin shiga. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta koyi wannan da jini a birnin Miami ranar 11 ga Afrilu 1986, a wata musayar wuta da 'yan fashin banki biyu. Tun farkon artabun harsashin 9mm ya sami ɗaya daga cikinsu a damtse, ya ratsa ya shiga ƙirji, ya tsaya saura ƙiris ya kai zuciya. Mutumin ya ci gaba da harbi, jami'ai biyu suka rasu, biyar suka jikkata. Daga nan hukumar ta kafa ma'aunin da kowa ke bi har yau: a harba harsashi cikin dunƙulen jelatin da aka haɗa don ya yi kama da tsokar jiki, dole ya shiga inci 12 zuwa 18, wato santimita 30 zuwa 46, ko da an rufe gaban jelatin da tufafi masu kauri. Ƙasa da 12, yana iya ƙarewa a hannu ko ƙashin haƙarƙari. Sama da 18, yana iya fita ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. Kyakkyawan 9mm na zamani mai rami a baki yana cika wannan ma'auni, kuma in ya shiga ya buɗe baki ya ƙara faɗi kamar yadda aka tsara. Shi .380 a bakin gaɓa yake: in ya buɗe sosai sai ya tsaya a inci 9 ko 10, in ya kai 12 to buɗewar kaɗan ce. Ƙarfinsa bai isa ya yi duka biyun a wadace ba.

Da a nan maganar ta tsaya da mun ce ɗauki 9mm ka tafi. To amma harsashi ba ya harba kansa, kuma mutane da yawa a nan suke tafka kuskure. Ana ɗauka tunda .380 ya fi rauni, to ya fi sauƙin harbawa. Ba lallai ba ne. Shurin da bindiga ke yi a hannu ya dogara ne da nauyin harsashi da gudunsa, a raba da nauyin bindigar. Ɗauki SIG P365, 9mm ce mai nauyin kusan giram 500 kafin a sa harsashi: takan yo baya da gudun mita 5 a sakan. Ruger LCP, .380 ce mai giram 270 kacal: ita tata dawowar ta ɗara haka, ga mariƙinta siriri, yatsa biyu kawai ke samun wuri, ƙaramin yatsa na lilo a iska. Wanda ya harba kwali ɗaya da ita ya san yadda tsakanin babban yatsa da manuni ke yin ja. Amma ka sa wannan .380 ɗin a bindiga mai giram 520 irin Smith & Wesson Shield EZ, sai gudun ya faɗo zuwa mita 3 da 'yan kai, ta zama lafiya lau. Harsashi ɗaya, hali biyu.

Saboda haka kada ka yanke hukunci a gaban kanta. Filayen koyon harbi da yawa a Texas suna ba da hayar bindiga. Ka yi hayar dukansu biyu, ka zana da'ira mai faɗin inci 5 a takarda, ka kafa ta a yadi 5, ka harba guda 5 cikin sakan 5. Ka maimaita sau biyar da kowace. Wadda harsasanta suka riƙa zama cikin da'irar, ita ce taka. In duka biyun sun zauna, ɗauki 9mm, don dalilai uku: ya fi shiga, ƙananan bindigogin 9mm na yanzu suna cin 10 ko 11 a gidan harsashi (P365 ta buɗe wannan ƙofa a 2018, Springfield Hellcat ta biyo a 2019), sannan harsashin atisayensa ya fi na .380 araha duk da ya fi shi girma, saboda shi aka fi ƙerawa a duniya. Mutumin da harsashi bai yi masa tsada ba shi ke komawa fili, kuma komawa filin ne ke sa a samu abin da aka saita.

Abokina tsohon soja ne, ya ce duk abin da bai kai .45 ba wasan yara ne, wai harbi ɗaya yake kayar da mutum. Gaskiya ne?

A gaishe da abokin naka, amma ba haka abin yake ba. Babu harsashin fistol da ke ɗaga mutum ya maka shi da ƙasa. Da yana da wannan ƙarfin, da mai harbin ma ya faɗi, tunda turawar da ke zuwa gaba ita ce ke dawowa baya. Kan .45 ACP giram 15 ne, faɗinsa milimita 11.5, ramin da yake yi ya ɗan fi na 9mm. Likitocin tiyata da ke ɗinke irin waɗannan raunuka sukan kasa bambance su. FBI ɗin kanta, bayan Miami, ta koma 10mm, daga nan ta sauya zuwa .40 S&W, sannan a 2016 ta ba kamfanin Glock kwangilar bindigogin 9mm, bayan ta gano jami'anta sun fi saurin harbi da samun saiti da shi, ga shi kuma kan harsashin ya inganta. A ƙaramar bindigar ɓoyewa .45 da .40 suna rage maka yawan harsashi, su ƙara shuri. Wanda ya saba da su tun yana soja ya ci gaba da abinsa. Sabon shiga ba ya bukatarsu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Columbus ta jihar Ohio, shekaruna sun haura sittin, ina aikin dare. Ina fama da ciwon gaɓɓai a yatsu. Na gwada bindigar ɗana, na kasa ja mata kai baya in ɗana ta. Ya ce in sayi .22 kawai. Wasu kuma sun ce .22 ba ya komai. Ku ba ni shawara.

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Abu biyu ne suka haɗu a tambayarki, ƙarfin ja da kuma jure shuri, kuma kowanne da maganinsa.

Mu fara da jan. Abin da kika kasa ja shi ne silaid, ƙarfen sama mai zamewa wanda ke ɗauko harsashi daga gidansa ya cusa a bututu. Sifirin ne ke riƙe da shi, kuma abin mamaki, ƙaramar bindiga ta fi babba taurin sifirin, domin ƙarfen bai da nauyin da zai tare shurin da kansa. Kafin ki fid da rai, a gwada miki wannan hanya da bindiga marar harsashi a gaban mai koyarwa: ki jawo bindigar kusa da ƙirji, bakinta na kallon inda babu kowa, ki damƙe bayan silaid da tafin hannun hagu da yatsu huɗu ta sama, sannan ki tura mariƙin gaba da hannun dama da ƙarfin kafaɗa. Hagu riƙewa kawai yake yi. Yawancin masu cewa sun kasa, da yatsa biyu suke tsunkular ƙarfen suna ja.

In hakan bai yi ba, akwai bindigogin da aka ƙera don irin hannunki. Shield EZ ɗin da muka ambata, wadda ta fito a 2018 da .380, sifirinta mai laushi ne, gidan harsashinta mai cin 8 yana da 'yan kunnuwa a gefe da ake ja ƙasa yayin lodi, don kada babban yatsa ya sha wuya. A kula da abu guda: tsofaffin .380 irin Walther PPK ba su da makullin da ke riƙe bututu da silaid lokacin harbi, taurin sifirin kawai suka dogara da shi. Waɗannan sun fi wuyar ja, kuma shurinsu na da zafi. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ki. Akwai kuma Beretta Tomcat mai cin .32 ACP, wadda ake danna wani ɗan maɓalli bututun ya ɗago sama, a sa harsashin farko da hannu a mayar. Ba a jan komai. Illarta ita ce ba ta da ƙugiyar fizgo kwanso, don haka in harsashi ya ƙi tashi sai an ɗaga bututun an cire shi da yatsa.

Shi .32 ACP, giram 4.6 ne kansa, shurinsa kaɗan. In shi kika zaɓa, ki yi amfani da mai dunƙulallen kai. Mai rami a baki ba ya shiga yadda ake so a wannan ƙarfin, sannan ya fi gajarta, yana samun wurin motsi a gidan harsashi. Gindin kwanson .32 yana da ɗan leɓe, in leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa sai su sarƙe, bindiga ta tsaya cak, kuma ba gyaran sakan biyu ba ne.

Yanzu .22 LR. Masu cewa ba ya komai ba su san abin da suke faɗa ba, yana kisa, kuma a riƙe shi da girmamawar da ake ba kowace bindiga. Rauninsa biyu ne. Kan giram 2.6 daga gajeren bututu bai cika kai inci 12 ba sai da zaɓaɓɓen harsashi. Na biyu ya fi damunmu: sinadarin da ke kunna albarushinsa a zagayen leɓen kwanso aka shafa shi, ba a tsakiya ba kamar sauran, kuma wani lokaci akan sami gurbin da bai samu ba. Allurar da ke bugun gindin harsashi ta bugi wurin, shiru. A fistol wannan na nufin sai kin ja silaid ɗin da kika ce yana ba ki wuya. Don haka in .22 ne, to a libarba, kamar Ruger LCR mai cin 8: wanda ya ƙi tashi, a sake jan kunama ta juyo na gaba. Sai dai kunamar libarbar .22 ta fi ta sauran tauri, domin leɓen na bukatar bugu mai ƙarfi, kuma yatsa mai ciwo zai iya gazawa a ja na huɗu. Ki gwada ja takwas a jere a shago kafin ki biya. A jerinmu .380 mai laushin sifirin ce ta farko, .32 ta biyu, .22 ta uku. Amma .22 da kike iya sarrafawa ta fi 9mm da ke kwance a durowa.

Direban babbar mota ne ni. Ina son libarba saboda an ce ba ta cijewa. Na ga wata mara nauyi da ke cin .357 Magnum da .38 Special duka. Ba gara in sa mai ƙarfin ba?

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Libarbar .357 ta aljihu irin Smith & Wesson 340PD ba ta kai giram 350 ba. Ka sa mata Magnum, za ta yo baya da gudun da ya kusa ninka na ƙaramar 9mm. Ƙwararrun maharba ma ba sa son harba biyar a jere da ita. An tsara albarushin .357 ne, tun fitowarsa a 1935, don ya ƙone a dogon bututu. A bututun da bai kai inci biyu ba, kaso mai yawa a waje yake ƙonewa, ya zama walƙiya da ƙara. Cikin dare walƙiyar za ta ɗauke maka gani na ɗan lokaci, cikin kan mota kuwa ƙarar na iya yi wa kunne lahani na dindindin. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. Bindigar na fizgowa baya da sauri har kawunan sauran harsasan da ke cikin tulun, wato gidan harsashin libarba mai juyawa, su riƙa zamowa gaba daga kwansonsu kaɗan-kaɗan. In ɗaya ya leƙo waje, tulun ya daina juyawa. Libarbar da aka ce ba ta cijewa ta cije ke nan, cijewar da sai an zauna da ita. Gwajinsa mai sauƙi ne: cika biyar, harba huɗu, ciro na biyar ka jera shi da sabo ka ga ko ya ƙara tsawo.

Ka sa .38 Special. Yana shiga libarbar .357 lafiya, amma .357 ba ya shiga ta .38, an ƙara wa kwansonsa tsawon milimita 3 da ɗoriya da gangan don kada a yi wannan ganganci. Speer Gold Dot mai lamba 135 +P an yi shi ne musamman don gajeren bututu. Alamar +P na nufin ƙarin matsi, fam 20,000 maimakon 17,000, sai ka duba jikin bututu ko littafin bindigar ka tabbata ta amince da shi. Wanda +P ya yi wa zafi ya nemi harsashin gasar harbi mai shafaffen kai, lamba 148. Ba ya buɗewa, amma gefensa mai kaifi ne, yana shiga da zurfi, shurinsa kuma kaɗan.

Ka san abin da ka saya dai: harsashi biyar, kunama mai nauyin kilo 5 ko fiye a jikin bindigar da ba ta kai rabin kilo ba, da saiti ɗan mitsitsi. Tana da sauƙin fahimta, tana da wuyar ƙwarewa. Kuma kai da ke ƙetare jihohi, lasisin jiharka ba kowace jiha ke karɓarsa ba. New York da New Jersey da California ba sa karɓar na kowa. Kamfanin da kake wa tuƙi ma yana iya samun tasa dokar.

Ɗalibi ne ni a New York da bizar karatu. Zan iya saya? Wani mai karatu kuma daga Kano yana tambaya ko zai iya neman lasisin fistol a gida, ko ɗan'uwansa ya aiko masa daga Amurka.

Ɗalibi, a'a. Dokar tarayya ta Amurka ta haramta wa wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta ziyara, mallakar bindiga ko harsashi, in ban da 'yan togaciya ƙalilan kamar mai lasisin farauta, kuma wannan ba ya ba ka izinin yawo da fistol a New York. Mai katin zama na dindindin yana iya saya daga dillali mai lasisi in ya kai shekara 21, ya cike fom 4473, binciken FBI ya wanke shi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen ya hana New York neman mutum ya kawo dalili na musamman kafin ta ba shi lasisi, amma jihar ta maye gurbin hakan da awa 16 na aji da awa 2 na harbi, da dogon jerin wuraren da ba a shiga da bindiga, har da jirgin ƙarƙashin ƙasa da dandalin Times Square. Laifin bindiga ga wanda ba ɗan ƙasa ba, bayan ɗauri, kora ce.

Malam na Kano, duk abin da ke wannan shafi bai shafi Najeriya ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin rukunin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Lasisin da Sufeto Janar na 'yan sanda ke da hurumi a kai na bindigogin farauta ne. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Shi kuma ɗan'uwan da ya cusa ta cikin kaya ko cikin motar da aka yi lodinta a kwantena, ya aikata babban laifin tarayya a can tun kafin jirgin ya bar tasha.

Ranar Juma'a da ranakun biki kaftani nake sawa, wani lokaci babbar riga. Kuben da na saya na maƙalawa a bel ne. Yaya zan yi?

Alhaji, wajen ɓoyewa kam tufafinmu babu na biyunsu, ko babbar fistol ba za ta nuna a ƙarƙashin babbar riga ba. Wahalar tana ga ɗaukar nauyi da kuma fitarwa. Wando mai zariya ba ya riƙe rabin kilo a gefe ɗaya. Zai zazzago, kuben ya kwanta, in ka ja bindigar ta taho da kuben gaba ɗaya. Mafita biyu ce. Ko tela ya yi wa wandon madaukan bel ka sa bel mai tauri, ko ka sayi irin ɗamarar da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin tufafi, mai kube na roba mai tauri a jikinta. Ka guji ɗamarar yadi zalla mai laushi, ana iya danna kunama ta cikinta.

Kaftanin da ya sauka ƙasan gwiwa sai an tattare shi da hannu ɗaya har sama da ƙugu kafin ɗayan ya kai ga bindiga, kuma yadin shadda mai sitati yakan kama mariƙin. Shi ya sa mai yawan sa kaftani yakan koma ga aljihun gefe, kuma a nan ne .380 mai giram 300 ko libarbar .38 mai giram 400 ke cin kasuwarsu, tunda 9mm cike da harsashi 11 ya haura giram 600, zai janyo rigar gefe guda kowa ya gani. Libarbar ta zama mai ɓoyayyiyar guduma, wato ƙarfen bayanta mai bugu, kamar Smith & Wesson 642, don kada ta maƙale a bakin aljihu. Tela ya ninka yadin aljihun ya ƙarfafa ɗinkin. Bindigar ta zauna cikin kuben aljihu mai rufe kunama ruf, kuma aljihun nata ne ita kaɗai: ba makulli, ba carbi, ba goro. Ka gwada ruku'u da sujada da zaman tahiya a gida da bindigar babu harsashi, ka ga ko tana zamowa. Ka kuma tambayi hukumar masallacinku, domin wasu jihohin sun hana shiga wurin ibada da makami, wasu sun bar wa masu wurin su yanke. In ka dawo gida ka tuɓe rigar, bindigar ta wuce akwatinta mai makulli kafin rigar ta hau ƙusa. Yaro ya san aljihun Baba wurin alewa ne.

Na sayi harsashi mai rami a baki mai tsada, kwali ɗaya mai guda 20. Ban taɓa harba shi ba, ina adana shi. Kullum da dare nakan cire na cikin bututu, da safe in mayar. Akwai laifi?

Akwai, har biyu. Na farko, harsashin da ba ka gwada a bindigarka ba, ba ka san shi ba. Na atisaye kansa a dunƙule yake, yana hawa gangaren da ke kai shi bututu sumul. Mai rami bakinsa da faɗi, kuma ƙananan fistol sun fi kowa tsirfa, wata ta karɓi wannan kamfani ta ƙi wancan. Ka fara harba 200 na atisaye don bindigar ta saki jiki, sannan aƙalla 50 na wanda za ka riƙa ɗauka, ta cikin kowane gidan harsashi da kake da shi, wasu da hannu ɗaya. Harbin hannu ɗaya ne ke tona asiri: in wuyan hannu ya yi sako-sako, bindigar gaba ɗaya ke ja baya maimakon silaid kaɗai, sai kwanso ya maƙale a tagar fita a tsaye. In ta cije ko sau ɗaya cikin hamsin ɗin ba tare da ka gano dalili ba, sauya harsashi ka sake gwaji. A 9mm, Federal HST da Speer Gold Dot masu lamba 124 ko 147 sun daɗe a hannun 'yan sandan Amurka. A .380 ka nemi wanda ba ya buɗewa da yawa, kamar masu kan XTP na Hornady. Lokacin sanyi ramin kan cika da zaren jaket ya ƙi buɗewa, shi ya sa wasu kamfanoni ke toshe shi da 'yar jar roba. Mazauna New Jersey su binciki dokarsu tukuna, ta taƙaita yawo da mai rami.

Na biyu shi ne cirewa da mayarwar nan. Duk sanda silaid ya tura harsashi, kansa na dukan gangaren, kuma kowane duka na tura shi cikin kwanso kaɗan. In ya nutse, wurin da albarushi zai ƙone ya ragu, matsi ya hau, a 9mm da .40 hawan na iya kai wa ga fasa kwanso. Bugun yau da gobe yana kuma iya farfasa sinadarin kunnawa da ke gindi, ranar da ake bukata a ji shiru. Ka jera wanda ka daɗe kana mayarwa kusa da sabo a kan tebur. In ya fi shi gajarta ko da kaurin farce ne, kada ka harba shi, kai wa filin harbi su zubar. Wanda aka ɗana sau uku ko huɗu, a ware shi don atisaye. Abin da ya fi shi ne ka daina sauke ta kullum: ka ciro ta tare da kubenta, ka sa su cikin akwati mai makulli yadda suke, tunda harbin kuskure yakan faru wajen lodi da saukewa. Harsasan da ke jikinka kuma suna shan gumi da man bindiga, sai ka harbe su a fili duk wata shida zuwa shekara ka zuba sababbi daga irin kwalin da ka riga ka gwada.